A Bakin Iyakar Harami

Tun Ɗayyabu yana laluben makullin mota a aljihun rigarsa matarsa Hanifa ta gaya masa wannan dabarar za ta ɓaci. Ta ce, "Malam, tsohuwa ce fa, ga rana, ga titi. Ka bar ta a ɗakinta." Ya ce ta bi su da addu'a kawai. Ta ce addu'a ta yi tun da asuba, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Da ya saurare ta a yammacin Alhamis ɗin nan, da mahaifiyarsa tana kiran sunansa har yau.

Ɗayyabu direba ne. Shekara ashirin da ɗoriya yana jan bas ɗin wani asibiti mai zaman kansa da ke can bayan kwarin Aƙiƙ. Yawancin ma'aikatan jinyar asibitin matan Filifin ne, Kiristoci, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga haramin Madina. Saboda haka idan zai kai su kasuwa ko filin jirgi, sai ya bi da su ta titin da ya zagaye gari. Babu allon iyaka ɗaya da bai san inda yake ba. Da daddare ko da rana, ko ido rufe, zai gaya maka nan ciki ne, nan waje ne.

A goye aka shigo da shi ƙasar. Mahaifiyarsa, Inna Shafa'atu, ta taso da mijinta daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, a ƙafa, ta Chadi da Sudan. Mijin bai iso ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin su kai bakin teku, 'yan ayari suka tona rami a gefen hanya suka rufe shi, aka ci gaba da tafiya. Har yau Inna ba ta san sunan wurin ba. Da ta zauna a Madina, a wani lungu kusa da masallacin Ƙiblatain, sai ta zama mai wankan gawar matan Hausawa. Tun bayan hajjinta na ƙarshe kuma ta ɗauki alkawari tsakaninta da Ubangijinta cewa ƙafarta ba za ta sake ƙetare iyakar harami ba, kada mutuwa ta riske ta a waje kamar yadda ta riski mijinta. Bikin jika a Jidda bai fitar da ita ba. Likitan ido da aka ce yana cire yana a wani asibiti bayan gari bai fitar da ita ba, ta zaɓi ganin duniya dishi-dishi. Likkafaninta, wanda ta jiƙa da zamzam da hannunta ta shanya, yana naɗe a ƙasan akwatinta.

'Yar Ɗayyabu ta fari sunan Inna ta ci, don haka bakinsa bai taɓa kiran sunanta ba, Uwa yake ce mata. A ɗakin kakar ta tashi. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa take riƙe wa Inna buta da magarya idan an kira ta gidan rasuwa, ba ta tsoron jikin mutum, mai rai ko marar rai. Da ta gama sakandare ta ce aikin jinya take so.

A nan gajiyar Ɗayyabu ta fara. Uwa a Madina aka haife ta, Larabci take mafarki da shi, amma a takarda baƙuwa ce kamar ubanta. Ya yi zirga-zirga a ofisoshi har takalminsa ya cinye, ko'ina sai a ce gurbin na 'yan ƙasa ne. Aka ce ya tura ta Nijeriya, sai wani mai harhaɗa magunguna ɗan Kano ya gaya masa jami'o'in can yajin aiki suke yi kamar azumin nafila, kuma shi ba shi da kowa a can da zai ba amanar 'ya mace. Abin da ke hana shi barci kuwa bai faɗa wa kowa ba sai Hanifa. Iƙamarsu duka, wato izinin zama, a kan aikinsa take rataye. Gwiwarsa ta fara ciwo in ya taka kuloci. Ranar da asibitin ya ce ya tsufa, ko ya faɗi ya mutu, za a iya tattara iyalinsa a kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Amma idan Uwa ta riƙe shaidar jinya, asibiti zai ɗauke ta, ta samu iƙamar kanta, ta zauna a Madina da ƙafarta.

Shugabar ma'aikatan jinyar, Sista Erlinda, ita ta kawo maganar makarantar. Mace ce gajera mai furfura a goshi, kullum a kujerar bayan direba take zama. Ta ji shi yana ƙorafi, ta ce masa da Larabcinta na asibiti akwai jami'ar da ta yi a kudancin ƙasarsu, ta 'yan Katolika. Musulmai da yawa suna karatu a ciki da lulluɓinsu. Suna da shekarar koyon Turanci ga baƙi, da gidan kwanan 'yan mata da ake kullewa da magariba, kuma asibitocin Saudiyya sun san shaidarsu, tunda rabin matan da ke cikin bas ɗinsa daga irin waɗannan makarantu suka fito.

Wata biyu yana juya maganar. Ya yi istihara bai ga komai ba sai ciwon kai. Uwa kuwa ta riga ta yanke, kullum tana bin sa da ido. Amma 'yar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta Inna ce. Da ya durƙusa a gaban tabarmarta ya zayyana mata, sai ta daɗe tana jan carbi.

"Makarantar Nasara," ta ce.

"Akwai Musulmi a ciki, Inna."

"Kai ka gani?"

"An gaya mini."

"To kawo mini wadda ta gaya maka. Ina da tambaya."

"Inna, ba ta shiga harami."

"Ni kuma ba na fita. Ka ga magana ta ƙare."

Uwa da ke bakin ƙofa ta kira kakarta da Larabci, ta ce, "Sitti, ki tambaye ta a waya mana."

"Takwara, ni ba na tambayar mutumin da ba na jin numfashinsa. Kuma ki amsa mini da Hausa, ba 'yar Baduwi na haifa ba."

Daga nan dabarar ta zo masa. Masaukin ma'aikatan jinyar yana bayan wani gidan mai, jifa kaɗan da allon iyaka. Zai kawo Inna ya tsaya daf da allon ta ciki, Sista Erlinda ta tako ta tsaya ta waje, su yi magana kowa a ƙasarsa. Inna ta yi dariya a karon farko, ta ce, "Kamar masu cinikin akuya a bakin rafi." Amma ta yarda.

Suka fito bayan la'asar a tsohuwar motarsa, Inna da Uwa a baya. Zafi bai sauka ba. Inna tana ta mita, wai kujerar tana ƙona mata baya, wai tuƙinsa irin na masu ɗaukar tumaki ne. Da suka haye gadar Aƙiƙ ya hango allon, ya rage gudu, ya kunna siginar tsayawa. Sai ga motar 'yan murur, 'yan sandan hanya, ta fake daidai inda ya yi niyyar tsayawa, saboda lokacin Umara ne, bas-bas sun cika titi. Ɗan sandan ya ɗaga hannu ya kaɗa masa, wuce, wuce.

Mutumin da ya yi rayuwarsa da iƙama a aljihu ba ya gardama da hannun ɗan sanda. Kafin kansa ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta taka. Allon ya zo, ya wuce ta gefen tagar Inna. A madubi ya ga idon Uwa ya buɗe. Ya girgiza mata kai kaɗan. Ta sunkuyar da kai.

Babu wurin juyawa kusa. Ya shiga gidan man ya faka a inuwar bango. Ya ce a ransa minti kaɗan ne, ba ta gani, Allah Ya san ba da gangan ba ne, kuma idan ya faɗa mata yanzu maganar makaranta ta mutu har abada.

"Mun iso?" in ji Inna.

"Mun iso."

"Wannan inuwar fa? Ka ce babu inuwa."

"Bango ne, Inna."

Sista Erlinda ta hango su daga bakin titi, inda take jiran su kusa da allon, ta dawo da sauri cikin baƙar abaya, jaka a hammata. Ta sunkuya a tagar ta yi sallama kamar yadda ta saba yi wa marasa lafiya. Inna ta amsa rabi, ta juya fuskarta wajen muryar.

"Ke ce mai makarantar?"

"A can na yi karatu, Mama."

"Akwai gunki a ciki?"

Ɗayyabu ya yi fatan ta sassauta. Ya ma ɗan yi gyaran murya. Sista ba ta kalle shi ba.

"Akwai gicciye a kowane aji, a saman allo. Akwai mutum-mutumin Maryam a tsakar gida. Kafin darasi ana addu'a. Musulmai suna miƙewa su yi shiru, ba a tilasta musu faɗa. Akwai darasin addininmu, shi kam dole kowa ya zauna, ya rubuta jarrabawa."

"Kin ji, takwara?"

"Na ji, Sitti."

"Salla fa?"

"Akwai ɗaki, ƙarami ne. A zamanina fanka ma babu. Masallaci yana cikin gari."

"Alade?"

"Ana dafawa. Musulmai suna da tukunyarsu a gidan kwana."

Kowace amsa kamar ana cire bulo daga ginin da Ɗayyabu ya yi wata biyu yana ɗorawa. Kuma ga motoci suna shiga suna fita, warin fetur ya cika wurin, yana jiran lokacin da Inna za ta tambayi abin da ya kawo gidan mai a bakin allo.

"Ke shekararki nawa a ƙasar nan?"

"Sha ɗaya, Mama."

"Kina jin kiran salla?"

"Kullum. Shi yake tashe ni aikin safe."

"Kin musulunta?"

"A'a."

"Ba a yi miki tayi ba?"

Sista ta yi murmushi. "Kowane mako. Har direban nan ya taɓa ba ni littafi."

Inna ta juya ta ce da Hausa, "Taurin kai gare ta kamar jakin Kano." Ɗayyabu bai gane ba ko yabo ne ko zagi. Ta koma Larabci.

"Saura tambaya ɗaya, ita ce ta fito da ni. Idan yarinyar nan ta mutu a can, wa zai wanke ta?"

Uwa ta ce, "Sitti, don Allah."

"Yi shiru. Matasa ma suna mutuwa, na wanke waɗanda ba su kai ki ba. Wa zai wanke ta, wa zai yi mata sutura, wa zai juya fuskarta alƙibla?"

Sista Erlinda ta ce, "Musulman garin suna da maƙabarta, wannan na sani. Amma wa zai wanke ta, da yadda suke yi, ban sani ba, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ɗayyabu ya san wannan gyaɗawar, ita take yi idan mai sayar da dabino ya faɗi gaskiyar cewa na bara ne. Ya kai hannu ga makulli.

Sai Inna ta ce, "Kin sha tsayuwa. Da na ce ki shigo ki zauna, amma kada ki ƙetaro, kada a kama ki saboda ni. Takwara, miƙa mata ruwa ta taga."

"Mafi mushkila, ba damuwa, Mama," in ji Sista, tana karɓar gorar. "Nan ai waje ne. Allon yana can baya."

Sista ta dubi Ɗayyabu, ta dubi Uwa, gorar tana hannunta ba ta buɗe ba.

"Ɗayyabu," in ji Inna. Wannan ne kiran sunansa na ƙarshe da ya ji daga bakinta. "Ina muke?"

"Inna, ɗan sanda ne ya..."

"Ciki ko waje?"

"Waje."

Ba ta yi faɗa ba. Ta lalubo wuyan hannun Uwa ta riƙe, ta ce, "Mai da ni."

Titin mai hannu biyu ne da shinge a tsakiya. Kafin ya juyo sai da ya ƙara nisa da garin, can wajen wata gada, kuma bas-bas ɗin masu Umara sun toshe hanyar dawowa. Suna tafiya taku-taku. A bayansa yana jin muryarta ƙasa-ƙasa tana maimaita kalmar shahada, ba ta tsayawa sai don jan numfashi, numfashin kuma yana fita da ƙara. Ya danna hon, abin da bai saba ba. Wani direba ya leƙo ya zage shi. Ya dinga kallon madubi yana roƙon Allah kada yau, kada a nan. Shi da ya yi shekaru yana zagaye garin da mutane don kada su shiga, yau ya rasa ta inda zai shigar da uwarsa.

Da suka wuce shingen bincike na bakin harami Uwa ta ce da Hausa, "Mun shigo, Inna." Tsohuwar ta saki hannunta. Sawun yatsu ya fito a fatar yarinyar.

A ƙofar gida ya zagayo zai kama ta, ta janye hannu ta dafa Uwa. Ta yi magana tana fuskantar bango.

"Baƙuwar ba ta yi mini ƙarya ba. Tun da an iya fitar da ni ban sani ba, takwarata ma a fitar da ita. Ba sai an tambaye ni ba."

Ya bi ta ɗaki ya durƙusa. Ya ba da labarin ɗan sandan, da rashin wurin juyawa. Ta kabbara sallar magariba. Washegari ya dawo, da jibi. Idan ya gaishe ta takan amsa, don ba ta barin sallama a ƙasa, amma daga nan sai carbi. Idan tana son wani abu sai ta ce wa Hanifa, "Gaya wa mijinki."

Ya tambayi Hanifa ko wannan izini ne. Ta ce, "Ni na ce ka bar ta a ɗakinta." Ya tambayi limamin unguwarsu, wani dattijo ɗan Damagaram, ya ce a zahirin magana ta ba da izini, abin da ke zuciya kuwa sai Allah. Ya ce wa Uwa ko su haƙura su jira wata shekara. Ta ce, "Abuya, gwiwarka za ta jira?" Ya je ya fara neman biza.

A makonnin da suka rage Inna ta riƙa rufe ƙofa ita da jikarta bayan azahar. Wata rana ya wuce ta bakin tagar ya hango matashin kai shimfiɗe a tabarma an lulluɓe shi da zane, Uwa a durƙushe da buta, Inna tana kama hannunta tana gyara mata. "Dama kafin hagu. A hankali, tana ji. Ki koya wa biyu daga cikin Musulman can, masu hankali, ki tabbata sun iya. Ba don su nake faɗa ba, don ke." Ya tsaya kaɗan, ya wuce.

Ranar tafiya da safe Hanifa tana danna kaya a akwati, dabino, abaya, man zafi, sai ga Inna ta fito tana dafa bango da farin ƙunshi a hannu. Ta ce a ɗaga kayan. Ta shimfiɗa shi a can ƙasa da kanta, ta daddanna.

Ɗayyabu ya gane shi, likkafaninta ne. "Inna, naki ne fa."

Ta ce wa Hanifa, "Gaya masa na san nawa ne."

Uwa tana kuka ta rungume ta. Inna ta tofa mata addu'a a ka, doguwa, amma a ciki ta yi, bai ji kalma ɗaya ba. Sannan ta ture ta. "Tafi, kada jirgin Nasara ya bar ki. Kuma ki riƙa yi mini waya da Hausa."

Shi ya kai ta filin jirgi. Ya ce ta riƙe salla. Ta ce to. Ya ce idan suka miƙe addu'arsu ta karanta Ƙulhuwallahu a zuci. Ta ce to, Abuya. Ya tsaya har baƙar abayarta ta ɓace a cikin sauran.

Da ya dawo gari ya biya kasuwa ya yanko farin yadi, ya samo jarkar zamzam, ya kai ƙofar Inna ya ajiye. Bayan kwana biyu ya tarar da su a kan kujerar motarsa, yadin ko warwarewa ba a yi ba.

Yanzu kullum da safe yana jan bas ɗinsa ya bi titin zagaye. Sista Erlinda tana nan a kujerar bayansa, ta ba shi haƙuri sau ɗaya, ya ce ba laifinta ba ne. Uwa tana waya ranar Juma'a. Ta ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ce an sa wa ɗakin sallar fanka, ta ce wata malama 'yar coci mai farin lulluɓi tana sonta sosai, tana kiranta ofis su sha shayi. Wannan na ƙarshen ya kwana biyu yana cin sa a rai. Inna takan karɓi wayar ta yi dariya da takwararta, in ta gama ta miƙa wa Hanifa.

Karatun shekara huɗu ne bayan shekarar Turanci. Ɗayyabu bai sani ba ko Inna za ta kai, ko gwiwarsa za ta kai. Bai san da wace irin zuciya Uwa za ta dawo ba. Kuma har yau bai sani ba ko farin ƙunshin nan da ke ƙasan akwatinta albarka ce aka sa mata, ko sallama ce aka yi da ita.